Ina Guguwar Za Ta Nufa? Sharhi Kan Kirdadon Hanyar Guguwar Teku

A kowace shekara, daga ranar 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, mutanen da ke zaune a gaɓar yammacin Tekun Atlantika, tun daga tsibiran Karibiyan da Kyuba da Meziko har zuwa jihohin kudu da na gabashin Amurka, suna cikin lokacin da suke kira lokacin guguwa, a cikinsa kuwa babu tambayar da ta fi damun mai mulki da talaka, da matuƙin jirgin ruwa da masunci, irin tambaya guda: wannan tarin hadari da ya fara haɗuwa can a tsakiyar teku, idan ya zama guguwa, ina zai nufa, yaushe kuma zai iso? Amsar tana da nauyi ƙwarai, domin a kanta ake rufe tashoshin jiragen ruwa, a kwashe majinyata daga asibiti, a umarci jama'a su bar gidajensu, kamar yadda aka umarci fiye da mutum miliyan 6 a jihar Filorida a watan Satumba na 2017 sa'ad da guguwar Irma ta doso su. Nufin wannan sharhi shi ne a bayyana yadda masana yanayi ke kai wa ga wannan amsa, da inda suka yi nisa, da inda har yanzu iliminsu ya gaza, domin mai karatu ya gane cewa abin da suke bayarwa zato ne mai rinjaye wanda aka auna iyakarsa, kuma ya fi rauni a daidai lokacin da guguwar take jaririya, wato lokacin da mutane suka fi ƙosawa su ji shi.

Sai mu fara da haƙiƙanin abin da ake magana a kansa. Guguwar teku makekiyar iska ce mai kewaya wata cibiya inda nauyin iska ya yi ƙasa, faɗinta yakan kai ɗaruruwan kilomita, abincinta kuwa tururin ruwan teku ne mai ɗumi, wanda idan ya hau sama ya zama girgije sai ya saki zafin da ke cikinsa, zafin nan ya ƙara jawo iska daga ƙasa, al'amari ya dinga ciyar da kansa. Samuwarta tana da sharuɗɗa. Dole ɗumin ruwan teku ya kai kimanin digiri 26 da rabi, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa sosai; dole iskar tsakiyar sararin sama ta kasance da laima; dole kada iskar sama da ta ƙasa su saɓa wa juna da yawa wajen ƙarfi ko alƙibla, domin saɓanin nan yakan tuge kan hadarin daga gindinsa; dole kuma wurin ya nisanci layin da ya raba duniya biyu da kamar daraja 5, saboda jujjuyawar duniya ce ke karkatar da iska har ta kama kewaye, a kan layin nan kuwa karkatarwar babu ita. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a sa'a sai a raɗa mata suna daga jerin sunayen da Hukumar Yanayi ta Duniya ke riƙe da su. Idan ya kai 119 ta zama cikakkiyar guguwa ta mataki na ɗaya. Daga 178 ta shiga manya. Daga 252 kuwa ta kai mataki na biyar, wanda babu wani a bayansa. A matsakaiciyar shekara, bisa ƙididdigar 1991 zuwa 2020, Tekun Atlantika yakan haifi 14 masu suna, 7 daga ciki su cika, 3 su zama manya.

Wani abin da ya kamata Bahaushe ya sani shi ne, asalin galibin manyan guguwoyin nan daga sararin samaniyar ƙasarmu yake. A lokacin damina, bambancin da ke tsakanin zafin Sahara a arewa da sanyin laimar gaɓar Gini a kudu yakan haifar da wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita 3 zuwa 4, wannan iska kuwa ba ta tafiya a miƙe, tana lanƙwasa ne tana yin igiyoyi, waɗanda ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya da Mali, ɗaya bayan ɗaya kowane kwana 3 zuwa 5, har su faɗa teku ta wajen Sanagal da Gini. Baƙin hadarin da manomi a Katsina ko Maraɗi yake gani ya taso daga gabas da la'asar a watan Agusta, da ƙura da iska a gabansa, ruwa a bayansa, sau da yawa a kan irin wannan igiya yake tafe. Kimanin 60 ne ke fita teku a shekara, mafi yawansu su mutu a hanya, wasu saboda busasshiyar iskar Sahara mai ɗauke da ƙura da ke shaƙe su, wasu saboda saɓanin iska. Amma masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika daga cikinsu suke fitowa. Irma ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen Agusta na 2017 tana tarin hadari kawai, ta ragargaza tsibirin Barbuda ranar 6 ga Satumba, ta sauka Filorida ranar 10. Marigayi William Gray na Jami'ar Jihar Kolorado, wanda ya fara fitar da hasashen lokacin guguwa a 1984, ya nuna cewa shekarun da damina ta yi kyau a yammacin Sahel sun fi yawan manyan guguwoyi, shekarun farin 1970 da 1980 kuwa sun yi ƙaranci.

To, mene ne ke jan guguwa zuwa wata alƙibla? Duk ƙarfinta, ba ita ke zaɓar hanyarta ba. Misalinta kamar ƙwarya ce da aka saka a kogi, tana iya jujjuyawa yadda ta ga dama, amma inda ruwa ya nufa can za ta. Kogin nan shi ne manyan iskokin da ke kewaye da ita. A tsakiyar arewacin Atlantika akwai wani makeken yanki mai nauyin iska wanda ke zaune tsakanin tsibirin Bamuda da tsibiran Azores, iska tana kewaya shi, ta gefensa na kudu tana kaɗawa yamma, ta gefensa na yamma tana juyawa arewa. Idan yankin nan ya yi ƙarfi ya miƙe yamma, sai ya tura guguwa kai tsaye cikin Karibiyan ko Mashigin Meziko. Idan kuwa ya yi rauni, ko wani kwarin iska mai sanyi ya sauko daga arewacin Amurka ya tsaga shi, sai guguwar ta sami ƙofa ta karkata arewa, iskar yamma ta kwashe ta zuwa tsakiyar teku inda za ta mutu ba ta taɓa kowa ba. Saboda haka mai kirdadon hanyar guguwa tilas ya kirdadi halin iskar rabin duniya, domin kwarin da zai buɗe ƙofar nan ranar Juma'a mai yiwuwa ranar Litinin yana can kan Tekun Fasifik bai ko iso Amurka ba, jinkirin rabin yini a tafiyarsa kuwa ya isa ya raba tsakanin garin da ya tsira da garin da ya halaka.

A nan ne mas'alar jaririyar guguwa take da wuya fiye da ta babba, saboda dalilai biyu. Na farko, babbar guguwa tana da ido, wato fili mai tsit a tsakiyarta wanda tauraron ɗan Adam ke gani sarai, alhali jaririya ba ta da tsayayyar cibiya, tarin gizagizai ne da ƙananan kewaye biyu ko uku suna takara, wanda bai san mafarin tafiya ba kuwa ina zai san ƙarshenta? Na biyu, zurfin guguwa shi ke ƙayyade iskar da ke jan ta: mai rauni, wadda hadarinta bai yi tsawo ba, iskar ƙasa ce ke tura ta, galibi zuwa yamma, mai ƙarfi kuwa, wadda ta miƙe sama kilomita 12 ko fiye, tana jin jan iskar sama, wadda sau da yawa ke karkatar da ita arewa. Ke nan tambayar ina za ta nufa ta rataya a kan tambayar yaushe za ta yi ƙarfi, ita ma wannan ta rataya a kan ta farko, tun da hanyar da ta bi ce ke nuna ko za ta sami ruwa mai ɗumi ko za ta ci karo da tsaunuka. Guguwar Dorian ta 2019 ta isa misali. Tana ƙarama aka yi zaton za ta bi ta kusa da tsibirin Hisfaniyola, wanda tsaunukansa sun haura mita 3,000 kuma sun saba wargaza irinta. Amma da ta ratsa tsibirin Sen Lusiya ranar 27 ga Agusta sai tsohuwar cibiyarta ta ɓace, sabuwa ta ɓullo can arewa da ita, wannan ɗan tsalle kuwa ya sa ta wuce ta gabas da Fota Riko, ta kauce wa tsaunuka, ta sami ruwa mai ɗumi, har ranar 1 ga Satumba ta faɗa wa tsibirin Abako na Bahamas da iska mai gudun kusan kilomita 295 a sa'a, sa'an nan iskar da ke jan ta ta mutu, ta tsaya cik a kan Babban Bahama fiye da yini guda.

Wannan fanni na kirdadon guguwa bai daɗe ba idan aka gwada shi da sauran fannonin ilimi. Ana danganta farkonsa ga Benito Viñes, wani limamin Kirista ɗan Sifen da ya shugabanci ɗakin duban yanayi na makarantar Belen a birnin Habana na Kyuba, wanda ya lura da alƙiblar siraran gizagizan sama da saukar ma'aunin nauyin iska, har ya buga gargaɗinsa na farko a jarida a watan Satumba na 1875. A 1900 almajiransa na Kyuba suka ga wata guguwa ta nufi cikin Mashigin Meziko, hukumar yanayi ta Amurka kuwa ta tsaya a kan cewa za ta karkata ta bi ta Filorida, ta kuma riga ta sa an hana aika gargaɗin Kyubawa ta wayar tangaraho, don raini da kishi. Ranar 8 ga Satumba guguwar ta haɗiye birnin Galbeston na Teksas, aka rasa rayuka tsakanin 6,000 da 12,000. Daga baya kayan aiki suka yi ta ƙaruwa. A watan Yuli na 1943 wani hafsan sojan sama, Joseph Duckworth, ya kutsa cikin idon guguwa da ƙaramin jirgi a gaɓar Teksas ya fito lafiya, a ranar 1 ga Afrilu na 1960 kuma aka harba tauraron TIROS na ɗaya, tun daga zamanin taurarin nan kuwa da wuya guguwa ta taso a wani teku ba a gan ta ba.

A yau aikin yana da rukunai uku: awo, da lissafi, da hukuncin masani. Wajen awo, taurari suna ɗaukar hoton teku dare da rana, amma idan hadarin ya matso inda jirgi zai iya kai masa, sai Cibiyar Guguwa ta Ƙasar Amurka da ke Mayami ta aika jiragen da ake wa laƙabi da mafarautan guguwa, waɗanda wasunsu ke tashi daga sansanin Keesler a jihar Misisifi. Jirgin yakan ratsa guguwar a tsayin kimanin mita 3,000, yana girgiza, ruwa na dukan gilashi, ma'aikaci ya saka wani bututu mai tsawon kamu biyu cikin wata kafa a cikin jirgin ya sake shi. Bututun ya buɗe 'yar laima, yana sauka yana aiko da labarin zafi da laima da nauyin iska da gudunta har ya faɗa teku. Sai dai jiragen nan galibi ba sa kaiwa gabashin Atlantika, inda jariran guguwa ke fitowa daga Afirka, saboda haka awon da ake yi a ƙasashenmu yana da daraja fiye da yadda muke zato. Balan-balan ɗin da ma'aikacin yanayi ke saki a filin jirgin saman Yamai ko Dakar, da 'yar na'ura rataye a gindinsa, labarinsa cikin sa'o'i kaɗan yake shiga kwamfutocin Turai da Amurka. Tashoshin irin wannan awo kuwa sun yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, abin da ya sa babban shirin binciken damina na AMMA ya ba da ƙarfi wajen farfaɗo da su a 2006.

Wajen lissafi kuwa, asalin ra'ayin na Vilhelm Bjerknes ne ɗan Norwe, wanda ya ce a 1904 tun da iska tana bin ƙa'idodin da aka sani, ana iya lissafa gobenta daga yau ɗinta. Lewis Fry Richardson na Ingila ya jarraba da alƙalami, ya share makonni yana lissafin sa'o'i 6, amsar kuma ta fito ba daidai ba, har ya ƙiyasta a littafinsa na 1922 cewa sai an tara mutum 64,000 masu lissafi kafin a iya riskar yanayin duniya. Kwamfuta ce ta warware wannan a 1950. Amma ba a jima ba Edward Lorenz ya gano wata illa da ke cikin tushen al'amarin: ya sake shigar da lamba cikin kwamfutarsa ya yanke 'yan ɗigon ƙarshe, yana zaton ba kome, sai ya ga bayan ɗan lokaci sakamakon ya bambanta gaba ɗaya, ya kuwa bayyana wannan a 1963. Ma'anarsa ita ce ƙanƙanen kuskuren awo yana girma kullum, kuma tun da mustahili ne a auna kowane taku na sararin sama, mustahili ne a sami yaƙini. Dabarar da masana suka ɓullo da ita tun 1992 ita ce su maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo su ɗan sauya mafarin gwargwadon kuskuren da awo ke iya yi. Cibiyar Turai da ke Reading a Ingila takan yi sau 51. Idan layukan 51 suka taru wuri guda, zato ya yi ƙarfi. Idan suka watse, wasu Meziko wasu tsakiyar teku, to amsar gaskiya ita ce ba a sani ba tukuna.

Rukuni na uku, wato hukuncin masani, ya zama dole ne saboda tsare-tsaren lissafin kan yi saɓani. A 2012 tsarin Turai ya nuna tun kusan mako guda cewa guguwar Sandy za ta yi wata baƙuwar karkata zuwa yamma ta faɗa wa gaɓar Amurka, haka kuwa aka yi a jihar Niyu Jazi ranar 29 ga Oktoba. A 2015 yawancin tsare-tsare suka kai Joaquin gaɓar Amurka, na Turai ya ware ya ce teku za ta nufa, ƙaulin da ya ware ɗin kuma shi ya tabbata, wanda ke nuna rinjayen adadi ba kullum ne hujja ba. Duk da haka babu tsarin da ya taɓa cin kowace jarrabawa, kuma gwaji ya nuna tsaka-tsakin mafi ingancinsu ya fi kowane ɗaya shi kaɗai dacewa a galibin lokuta, saboda haka masanin Mayami yakan auna su duka, ya san halin kowanne, sa'an nan ya fitar da hukunci duk bayan sa'o'i 6, ba ya kuma yarda ya yi ta sauya layi da kowane sabon lissafi, don kada amanar jama'a ta zube. A 'yan shekarun nan an sami sabon shiga, wato manhajojin da aka horar da tarihin yanayi na shekaru da yawa har suka koyi ɗabi'arsa. Ɗaya daga cikinsu, GraphCast, ta nuna saukar guguwar Lee a gabashin Kanada kwana 9 kafin aukuwarta a 2023. Jimillar ci gaban ba ƙarami ba ne: a shekarun 1970 matsakaicin kuskuren hasashen kwana 3 ya haura kilomita 600, yanzu kuwa bai kai 200 ba.

Sauran aiki shi ne isar da shakka ga jama'a ba tare da an ɓata ta ba. Ga hadarin da bai riga ya zama guguwa ba, cibiyar Mayami galibi ba ta zana masa hanya; alama kawai take sa masa a taswira, rawaya idan yiwuwar zamansa guguwa ba ta kai 40 cikin 100 ba, ruwan lemo daga 40 zuwa 60, ja idan ta haura haka, a cikin kwana 2 da kuma kwana 7. Idan ya zama guguwa sai a zana masa siffa kamar mazurari, wadda aka fara a 2002, tsukakke a inda guguwar take, yana faɗaɗa har kwana na 5. Mutane da yawa suna karanta mazurarin nan a karkace. Faɗinsa ba girman guguwa ba ne, an ɗauko shi ne daga kurakuran shekaru 5 da suka wuce, yadda cibiyar guguwa za ta kasance cikinsa sau biyu cikin uku. Sau ɗaya cikin uku ke nan tana fita, ɓarnarta kuwa sau da yawa tana wuce iyakarsa. A watan Agusta na 2004 jama'a suka zuba ido kan layin tsakiya da ya nufi birnin Tamfa, sai Charley ta ɗan karkata ta afka wa Funta Goda a kudu, garin da tun farko yana cikin mazurarin. A Satumba na 2022 Ian ta maimaita kusan wannan a wuri guda, mutum kusan 150 suka rasu.

Inda ilimin ya fi gazawa har yanzu shi ne kirdadon ƙarfi, domin ƙarfi yana ƙulluwa ne a ƙananan al'amuran cikin guguwa waɗanda awo bai cika riska ba. Guguwar Otis ta wayi gari ranar 24 ga Oktoba na 2023 ba ta ko cika guguwa ba, kafin asubahin 25 ta sauka a birnin Akafulko na Meziko tana mataki na biyar, babu tsarin lissafin da ya hango haka. Kuma matakin guguwa na iska ne kawai, alhali kusan 9 cikin 10 na waɗanda guguwa ke kashewa kai tsaye a Amurka ruwa ne ajalinsu, ko tunkuɗowar teku ko ambaliyar ruwan sama. Bugu da ƙari, hasashe kome kyansa ba ya ceton rai sai an sami hukuma mai aiki da shi. A jihar Odisha ta Indiya guguwar 1999 ta kashe kimanin mutum 10,000, amma da Phailin ta zo a 2013 an riga an gina mafaka an kwashe kusan mutum miliyan guda, waɗanda suka rasu ba su kai 50 ba. A Mozambik kuwa an hango Idai kwanaki kafin ta sauka a birnin Beira a watan Maris na 2019, amma rashin mafaka da hanyoyi da isar saƙo ga ƙauyuka ya sa fiye da mutum 1,000 suka halaka a can da Zimbabuwe da Malawi.

Malamanmu na usulu sun daɗe da rarrabe darajojin sani zuwa yaƙini da zato da shakka da wahami, sun kuma tabbatar da cewa aiki da zato mai rinjaye wajibi ne a inda yaƙini ya gagara. Kirdadon guguwa a wannan babi yake. Ba da'awar sanin gaibu ba ne, ba kuwa ɗan'uwan duba ba ne, istidlali ne da sabuban da Allah Ya gudanar da al'adar halittarsa a kansu, alamar ingancinsa kuma ita ce masu yinsa suna ƙididdige kurakuransu kowace shekara su buga wa duniya. Saboda haka, ya kai mai karatu, idan kana da ɗan'uwa a birnin Hustan ko Filorida, ka ga an yaɗa taswira mai jan layi guda da ke kai guguwa ƙofar gidansa bayan kwana 10, alhali hadarin bai ko sami cibiya ba, kada ka tayar masa da hankali, domin layi ɗaya ne daga cikin hamsin. Idan kuwa hukumar garinsa ta ce a tashi, ka ƙarfafa masa ya tashi ko da yana gefen mazurari. Wannan ƙa'ida ita ce kuma ta dace da gargaɗin ambaliya da hasashen damina da hukumar yanayi ta NiMet a Abuja da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD a Yamai ke fitarwa: a tambayi gwargwadon ƙarfin zaton, a yi tanadi daidai da shi, kada kuma a yi watsi da gargaɗin bana don na bara bai tabbata ba. Allah Shi ne Mafi sani.